Yadda ake ganin ƙananan tsuntsayen kurmi masu bin rundunar kwarkwasa

Tsuntsayen nan, na kurmin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da na Afirka, ba a neman su a saman bishiya. Duk wanda ya shiga kurmi yana ɗaga kai yana leƙen rassa sai dai ya wuni ya fito da ciwon wuya bai ga ko ɗaya ba. Su a ƙasa suke, ƙasa sosai, da wuya su wuce tsayin ƙugunka, kuma inda ya fi duhu nan suka fi so. Kwarkwasa za ka nema. In Allah ya haɗa ka da runduna tana farauta to magana ta ƙare, tsuntsun da ranar da ba kwarkwasa ko wutsiyarsa ba za ka hanga ba, ranar sai ka gan shi zaune mita uku daga ƙafarka, ko kallo ba ka ishe shi ba. Shi ya sa rabin jagorar nan maganar kwarkwasa ce, kar ka ce na saki layi.

Me ya haɗa su tukuna

Da yawa suna ɗauka kwarkwasar ce tsuntsayen ke ci. Ba ita ba ce. Rundunar in ta bazu a ƙasan kurmi tana shiga ƙarƙashin kowane busasshen ganye da kowane rami, duk abin da ke ɓoye a wurin dole ya fito, kyankyaso, gyare, gizo-gizo, kunama, shanshani, har ƙananan ƙadangaru da kwaɗi, kowa ƙafa me na ci ban ba ki ba. Shi kuma tsuntsun yana maƙale a jikin wani siririn itace sama kaɗan da ƙasa, da ya ga gyare ya yi tsalle sai ya diro ya cafke ya koma inda yake kafin kwarkwasa ta hau masa ƙafa, duka abin bai fi sakan ɗaya ba. A da an yi zaton taimakon juna suke, wai tsuntsu na koro ƙwari su koma bakin kwarkwasa, amma binciken da Peter Wrege da abokan aikinsa suka yi a Panama suka fitar a 2005 ya nuna in tsuntsaye na wurin, abin da kwarkwasa ke samu raguwa yake yi. Cin banza dai suke a gumin wasu.

Masu bin nan kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai na dole, waɗanda kusan duk abincinsu a gaban runduna suke samu, in ba kwarkwasa sai yunwa. A cikin dangin Thamnophilidae na nahiyar Amurka, mai nau'i sama da 230, kusan 18 ne irin waɗannan. Akwai masu bi kullum amma suna iya kiwo su kaɗai in ta kama. Sai 'yan sa'a, waɗanda sai runduna ta ratsa ta yankinsu suke saukowa su ɗan taɓa su koma. Na dolen nan su ne abin nema, su ne ke sa mutum ya jure cizo.

Mataki na farko: zaɓi kurmin da ya isa kurmi

Kar ka ɓata ƙafarka a ɗan guntun daji da gonaki suka zagaye. Tsuntsu na dole yana buƙatar gidajen kwarkwasa da yawa a yankinsa, don yau wannan gida na farauta gobe yana hutu, to sai ya zama yana da inda zai koma. Kurmi in ya yi ƙanƙanta kwarkwasa ke fara tafiya, tsuntsayen su bi bayanta. Tsibirin Barro Colorado a Panama misali ne da kowa ke kawowa, asalinsa kan tudu ne, da aka tare ruwa aka yi tafkin Gatun lokacin gina mashigin Panama sai ya zama tsibiri mai faɗin kusan murabba'in kilomita 15, kuma duk da kariyar da yake samu, wani babba cikin na dolen nan mai suna Phaenostictus mcleannani ya ɓace daga can a shekarun 1970. A wannan tsibirin ne masanin tsuntsaye Edwin Willis ya shafe shekaru tun 1960 da wani abu yana bin tsuntsayen nan, yawancin abin da aka sani game da halinsu daga aikinsa ya faro.

Wuraren da aka san ana dacewa: hanyar da ake kira Pipeline Road a gandun Soberanía na Panama, tashar bincike ta La Selva a Kosta Rika, gandun Manu a Peru, da manyan kurmin Amazon gaba ɗaya. A Afirka kuma akwai Kakamega a Kenya, Korup a Kamaru, da kurmin Kwango. Ko ina ka je ka ɗauki ɗan jagora na wurin, kuma tambayarka ta farko gare shi kar ta zama ta tsuntsu, ka ce Malam ina aka ga kwarkwasa jiya ko shekaranjiya. Ma'aikatan gandu suna taka hanyoyin nan kullum, su suka san inda layi ya tsallaka.

Na biyu: ka san wacce kwarkwasar kake nema

A nan ne sabon shiga ke shan wahalar banza, ya ga jerin gwanon wasu ƙwari ya bi su awa biyu ashe ba su ba ne. A Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, daga kudancin Meziko har kudancin Brazil, wadda ake nema ita ce Eciton burchellii. Jikinta duhu ne, a wasu yankuna ƙarshen cikinta ja-ja, ƙafafu dogaye, gudu take ba tafiya ba. Ka duba gefen layin za ka ga sojojinsu, manya masu kai fari-fari da haƙora dogaye a lanƙwashe irin ƙugiya. Gida ɗaya yana iya kai rabin miliyan. Ita ce ke farauta a baje, ta mamaye ƙasa faɗin mita 10, wani lokaci 15 ko fiye, kuma da rana take yi, shi ya sa tsuntsaye suka dogara da ita.

Akwai 'yar'uwarta Eciton hamatum mai kalar ruwan goro, ita a siraran layuka take farauta, gidajen wasu tururuwa da rina take fasawa, ba ta baje ƙasa ballantana ta koro ƙwari, don haka tsuntsaye ba su damu da ita ba, kai ma ka ƙyale ta. In ka ga masu ɗauke da guntayen ganye kore a ka, waɗannan masu yankan ganye ne na dangin Atta, ba ruwansu da farauta. Sai Labidus praedator, ƙanana baƙaƙe, su ma suna bajewa kuma tsuntsaye na bin su, amma ba su da tabbas, yanzu suna sama anjima sun nutse ƙarƙashin ƙasa kowa ya watse. In ka same su ka tsaya ka mora, amma kar ka ɗora shirin gobe a kansu.

Abu mafi amfani da za ka riƙe shi ne zagayen rayuwar Eciton burchellii, wanda masanin halayyar dabbobi Theodore Schneirla ya fara tantancewa. Kusan kwana 35 ne. Wajen sati biyu suna yawo, lokacin tsutsotsinsu na cin abinci da yawa, kullum sai sun fita farauta kuma kusan kullum da dare sai sun tashi sun canja zango. Sai kuma kusan kwana 20 su zauna wuri ɗaya, galibi cikin kogon bishiya ko ƙarƙashin wadda ta faɗi, sarauniya ta zuba ƙwai, a wannan lokacin farautar ba kullum ba ce kuma ba ta cika girma ba. Zangon nasu ba ginawa suke ba, jikinsu ne, su sarƙe ƙafa da ƙafa su zama dunƙule guda da sarauniya da 'ya'ya a tsakiya. Wato in ka samu gida a lokacin yawo, kana da kallon kwanaki a jere, in a lokacin zama ne kuma kana iya zuwa da sassafe ka tarar yau ba fita.

Na uku: shiri

Wannan ba dogon zance ba ne. Dogon takalmin roba, ka cusa ƙafar wando cikin safa, in ka ga dama ka naɗe da salatif. Kaya masu duhu, kore ko ruwan ƙasa, ban da fari, ban da rigar leda mai ƙara in ka motsa. Madubin hange 8x42, wato mai kusanto da abu sau 8, ya fi 10x42 mai sau 10 a kurmi, ya fi haske kuma ya fi faɗin gani, sannan ka tabbata yana iya kama abu na kusa kamar mita 2, don tsuntsayen kusa za su zo. Ruwan sha, tocila, ƙaramin littafi da fensir saboda biro da danshi ba sa shiri. Ka sauke sautukan tsuntsayen yankin a waya tun kana da intanet, manhajar Merlin ko shafin xeno-canto, ka yi ta ji har kunnenka ya saba. Maganin sauro ka shafa tun a bakin daji, kar ka je kan layinsu kana fesawa, da ƙamshi suke gane hanya.

Na huɗu: nema

Ka shiga da gari ya waye. Su ma lokacin suke fitowa daga zango, kuma daga hantsi zuwa kafin azahar abin ya fi armashi. In an kwana ana ruwa ko ana tsuga shi da safe, farautar kan yi jinkiri ko ta tsaya, ba laifinka ba ne.

Tafiya a hankali, ido a ƙasa, kana duba duk inda layi zai iya tsallaka hanya, kan saiwa, kan faɗaɗɗen itace, bakin rafi. Kowane mita ɗari ko ɗari biyu ka tsaya cak minti ɗaya ka saurara. Gaskiya kunne ya fi ido aiki a nan. Abin da kake sauraro kala uku ne. Na ɗaya hayaniyar tsuntsaye daga ƙasa, a wuri guda, ba ta matsawa da sauri, wani gurnani gajere mai kaushi ana ta maimaitawa, sai fito mai hawa yana saukowa, faɗa ne suke a kan wurin zama. Ayarin tsuntsayen da ke kiwo a rassa su wucewa suke, cikin minti biyar sun yi gaba, amma na kwarkwasa suna nan inda ka ji su. Na biyu ƙarar rundunar kanta, in ka matso za ka ji ta kamar yayyafi a kan busassun ganye alhali sama ba ko ɗigo, tafiyar dubban ƙafafu ce da tsalle-tsallen masu gudu. Na uku zizar ƙudaje, akwai wasu ƙudaje da ke shawagi a saman bakin daga, wato gaban rundunar inda ake farautar, suna jiran kyankyaso ko gyare ya fito su ɗora masa ƙwai. Har wari gare su, wani wari mai nauyi, in ka taɓa shaƙarsa sau ɗaya kusa da zango ba ka mantawa.

Su kansu tsuntsayen da kunne suke gano wurin, wanda ya ji kukan na dole sai ya nufi can. Kai ma haka za ka yi.

Na biyar: ka samu layi, to ina ne gaba?

Layi ba shi ne wurin kallo ba, hanya ce kawai tsakanin zango da bakin daga, kuma tana iya kai mita 100 har 200. Sai ka durƙusa gefe, ba a kai ba, ka kalli masu ɗauke da kaya. Duk wadda ka gani da ƙafar gyare ko guntun gizo-gizo ko farar tsutsa a ƙarƙashin cikinta gida ta nufa. Kai sai ka bi inda suka fito. Shi ke nan dabarar, amma ka kalli goma ko ashirin kafin ka yanke hukunci don akwai masu ruɗewa su juya.

Kana tafiya za ka ga layin ya rabu biyu, can ya sake rabuwa, rassan suna ƙara yawa suna sirancewa har su haɗe su zama shimfiɗa guda baƙa mai motsi. In ya rabu ka bi reshen da ya fi kauri kuma aka fi dawowa da kaya ta cikinsa. Kar ka taka layin, in za ka tsallaka ka ɗaga ƙafa sosai, in ka murƙushe su sai su rikice su bazu ta ko'ina har kan takalminka. Kuma kar idonka ya tafi kan kwarkwasa ka manta da inda kake sa ƙafa da hannu, a Amurka ta Tsakiya akwai macijin Bothrops asper da ke kwanciya cikin ganye kalarsu ɗaya, a kurmin Afirka kuma Bitis gabonica. Kar ka dafa bishiya ba ka duba ba. In za ka bar hanya ka sa alama a taswirar waya, kurmi in ka juya sau biyu ko'ina iri ɗaya ne, kuma wasu gandayen ma sun hana barin hanya, in haka ne sai ka lissafa inda rundunar za ta ɓullo ka jira ta a can.

Na shida: inda za ka tsaya

A nan ake cin riba ko a tafka asara. Abin da zuciya za ta ce maka shi ne ka bi bayansu kana matsawa, to in ka yi haka kana tsaye cikin kwarkwasa ke nan, kuma kana tura tsuntsayen gaba, sai dai ka riƙa ganin ganye na motsi. Abin da ya fi, ka zagaya ta gefe da nisa, ka wuce bakin dagar da kamar mita 8 zuwa 10, ka tsaya gaba amma a karkace, ba daidai tsakiyar inda suka nufa ba. Rundunar ba ta da sauri, wajen mita 15 take ci a awa guda, ka ga kana da lokaci. Ka zaɓi wurin da kake hango ƙasa ta tsakanin itatuwa, inda akwai siraran tsirrai a tsaye masu kaurin yatsa, don a kansu tsuntsayen ke maƙalewa. In da hali rana ta kasance a bayanka.

Sai ka tsaya shiru. Da farko za su yi maka tsawa su ja baya, wani ma ya ɓace, kar ka bi shi. Minti goma, sha biyar, yunwa za ta dawo da su, in suka ga ba ka motsi sai su mayar da kai kututture. Madubin ka ɗaga shi a hankali, kar ka nuna da hannu, in ku biyu ne ku yi raɗa. Mutum uku sun isa, in aka kai shida kallo ya lalace.

Kowane minti ɗaya ko biyu ka kalli ƙafarka. Da gaske nake. Bakin daga ba miƙe yake tafiya ba, yana iya karkatowa ta bayanka kana can ka shagala. In suka iso ka ɗaga a hankali ka koma gefe ka sake zagayawa gaba. In sun hau takalmi ka buga ƙafa a ƙasa bayan ka matsa, galibi ma in ka tsaya ƙyam sai su ratsa ta kan robar su wuce. Eciton tana cizo tana kuma harbi, da zafi amma ba abin tashin hankali ba ne sai ga wanda jikinsa ba ya ɗaukar harbin ƙwari, shi kam ya taho da maganinsa ya kuma gaya wa abokin tafiya.

Kar ka kunna musu sauti a waya. Ba ka buƙata, suna gabanka, kuma abinci suke ci.

Na bakwai: wane ne wane

Kafin ka fara duba kala, duba wurin zama, don a gaban runduna girma ke magana. Babba shi ke kama tsakiyar bakin daga inda ƙwari suka fi fitowa, matsakaici na kewaye da shi, ƙarami yana can gefe yana tsintar abin da ya tsallake. Willis ne ya zayyana wannan tsarin, kuma in ka gane shi rabin aikin tantancewa ya ƙare.

A Panama da Kosta Rika uku ne za ka fi haɗuwa da su. Mai gidan shi ne Phaenostictus mcleannani, giram 50 ko kusa da haka, fatar fuskarsa shuɗiya ce fes ba gashi, maƙogwaro baƙi, wuya ja, bayansa da cikinsa duk ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu zagayen haske. Ni dai a ganina duk kurmin ba wanda ya kai shi kyau, kuma shi ya fi kowa tsoron mutum, shi ne zai fara ɓacewa ya kuma zo a ƙarshe. Sai Gymnopithys bicolor, wajen giram 30, baya ruwan ƙasa, maƙogwaro da ƙirji fari tas, shi ya fi yawa kuma shi ya fi surutu, yawancin gurnanin da ya jawo ka nasa ne. Sai ɗan autansu Hylophylax naevioides da bai kai giram 20 ba, namijin kansa ruwan toka, baya ja, farin ƙirji da ɗigo baƙaƙe jere a wuya. Shi ba na dole ba ne, yana iya kiwonsa shi kaɗai. Abin sha'awa, a Barro Colorado bayan babban ya ɓace an lura wasu daga cikin ƙananan nan sun ƙara dogara da kwarkwasa, wuri ya samu.

Yanzu ɗaga ido kaɗan zuwa jikin manyan bishiyoyi. Za ka ga wasu ruwan ƙasa a manne da kututture a tsaye suna dogara da wutsiya, Dendrocincla fuliginosa wanda ba shi da wani zane, da Dendrocolaptes sanctithomae mai ratsi-ratsi wanda ya fi shi girma. Su masu gudun da suka hau bishiya suke tarewa. Akwai kuma Eucometis penicillata mai kai ruwan toka da ciki rawaya. In kuma ka ji wani ƙas-ƙas kamar an karya busasshen kara daga cikin duhu, kar ka ko numfasa da ƙarfi, mai yiwuwa Neomorphus geoffroyi ne ke kaɗa baki, ƙato ne mai doguwar wutsiya, tsawonsa duka kusan rabin mita, a ƙasa yake gudu, akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna zuwa kurmi ba su gan shi ba.

A Amazon 'yan wasan sun canja amma tsarin na nan. Arewacin kogin akwai Pithys albifrons, ƙarami mai farin gashi tsaye a goshi da wani a haɓa, baya ruwan toka, ciki ja, ba ya zama wuri ɗaya ko na sakan biyu. A kudu kuma ka nemi Phlegopsis nigromaculata mai jar fata kewaye da ido. Manyan kogunan Amazon sun raba nau'o'in nan, tsuntsun ƙasan kurmi ba ya son tsallaka buɗaɗɗen ruwa, don haka ka duba a wane gefen kogi kake kafin ka sa wa tsuntsu suna.

Mata da yara su ke rikita mutum, a wasu nau'o'in mace kalarta daban, ƙananan kuma dishi-dishi suke. Abin da ke taimako, ka kalli fatar ido, maƙogwaro, da wanda take bi, don galibi miji da mata tare suke zuwa.

In a kurmin Afirka kake

Kwarkwasar nan dangin Dorylus ce, kuma lissafin kwana 35 ɗin can ba ya aiki a kanta. Gidanta a ƙarƙashin ƙasa yake, yawansu miliyoyi, makafi ne, suna fita da rana suna fita da dare, tashinsu kuma ba shi da ranar da za ka ƙirga. Layinsu ya fi sauƙin gani, kauri gare shi, sojoji sun jeru gefe da gefe baki a buɗe, wani wurin har rufa suke yi da jikinsu ko da ƙasa. Dabarar bin masu kaya ta baya tana nan yadda take. Amma ka ƙara nisa, waɗannan hawa suke shiru har su kai cinya kafin su fara cizo, kuma sojan in ya kama ba ya saki sai ka cire shi da hannu.

Masu bin su a nan wasu dangi ne daban. Ka nemi Alethe castanea, baya ruwan ƙasa, ciki fari, da ɗan layi ruwan goro a tsakar ka wanda sai ya fusata yake tayar da shi, ana samun sa daga kudancin Najeriya zuwa Yuganda, a yamma can kuma ɗan'uwansa Alethe diademata mai fari a bakin wutsiya. Sai Neocossyphus poensis, baya duhu ciki ja, in ya tashi za ka ga fari a kusurwoyin wutsiya. Sai Bleda syndactylus mai rawayan ciki da jar wutsiya da shuɗiyar fata a saman ido. A Kakamega masu bincike sun ƙirga nau'in tsuntsu sama da 50 a gaban runduna, amma 'yan kaɗan ne suka dogara da ita sosai, kuma su ne ke raguwa a inda aka daddatsa kurmin. Na Afirka sun fi na Amurka kunya, ka ba su nisa ka kuma ƙara haƙuri.

Hoto da rubutu

Ƙasan kurmi duhu ne ko da tsakar rana, hasken da ke isowa ƙasa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ka buɗe idon kyamara iyakarsa, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamarar, zuwa 3200 ko 6400 kar ka ji tsoro, hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi wanda ya girgiza. Kar ka bi tsuntsu da kyamara, ka lura da itacen da suke yawan sauka a kai ka saita a nan ka jira. Filasha ni ban ba da shawara ba. Da waya kuma bidiyo da rikodin sauti sun fi hoto amfani, ko minti ɗaya ka ɗauka zai taimaka wajen tantancewa daga baya.

A littafinka ka rubuta lokaci, wace kwarkwasa ce, faɗin bakin daga da ƙiyasi, nau'in tsuntsu da adadin kowanne, wa ke tsakiya wa ke korar wa. Ƙirgar tana da wuya don suna ta canja wuri, ka ɗauki mafi yawan da ka gani a lokaci guda kawai. In kana sa bayanai a eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke zuba abin da suka gani, ka ambata cewa a gaban runduna ne.

Yadda za ka same su gobe

In Eciton burchellii ce kar ka tafi haka nan. Da la'asar ka bi masu kaya, wannan karon inda suka nufa, har ka ga zangon, ka tsaya mita uku ko huɗu, kar ka matsa kana huci a kansu don numfashin mutum na tayar da su. Ka sa alama a waya. In suna lokacin yawo, da magariba za ka ga layin ya yi kauri ya koma hanya ɗaya, kowa ɗauke da farar tsutsa iri guda, to ƙaura ce, kuma ta kan hanyar farautar ranar suke bi su kafa sabon zango, galibi bai wuce mita 100 ba. In dokar wurin ta yarda kuma kana da ɗan jagora ka raka su da tocila ka ga inda suka sauka, in ba haka ba da safe ka fara nema daga tsohon zangon ka bi inda farautar jiya ta nufa.

In kuma a lokacin zama suke, zangon na nan inda ka bar shi, sai dai alkiblar ce ke canjawa. Masanin tururuwa Nigel Franks ya auna ya ga kowace sabuwar fita tana karkata da kusan digiri 120 daga ta baya, don kar su maimaita wurin da suka riga suka share, ka ga in jiya gabas suka yi yau kar ka ɓata lokaci a gabas. Ka iso kafin rana ta fito ka zauna nesa kaɗan da zangon. Na dolen nan su ma sukan zo duba shi da sassafe, tsuntsu ya sauka kusa ya leƙa, in ya ga an fara fita ya bi, in ba fita ya wuce wani gidan da ya sani. In ka ga ya leƙa ya tafi bai dawo ba har rana ta ɗaga, kai ma ka tashi ka koma kan hanya ka fara sauraro daga farko.